Daga kunun kanwa zuwa kwalbar jini

Mai jego ta fara kumburin ƙafa, numfashi ya gagare ta in ta kwanta. A Gummi ko Anka tambayar dangi ɗaya ce: za ta tashi? Likitoci sun daɗe suna neman amsar a cikin jini.

A shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana gazawar zuciyar masu jego a Zariya, suka ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Bayanin ya samu karɓuwa, wataƙila don al'ada ta fi sauƙin zargi.

Can a Kanada kuma, a 1981, Adolfo de Bold ya gano cewa zuciya na fitar da wani sinadari mai sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. A 1988 masana a Japan suka samo ɗan'uwansa, BNP, a ƙwaƙwalwar alade, daga baya aka gane zuciya ce babbar mai samar da shi. Duk sa'ad da bangonta ya miƙe saboda nauyin jini, sai yawansa a jini ya hau. Amurka ta amince da gwajin BNP a 2000. Wanda nasa ya ƙi sauka bayan magani ya fi fuskantar komawa asibiti ko rasuwa.

Ƙasar Hausa ta kawo nata ma'aunin. A 1992 Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka tarar da ƙarancin sinadarin saleniyam a jinin masu jego masu gazawar zuciya. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sake ganin haka a Kano, sannan ya jagoranci rajistar masu cutar a Najeriya, wadda ta nuna rama da rashin karatu da hawan jinin masu ciki sun fi kanwa hannu a lamarin.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba baƙin irin wannan awo ba ne. Lokacin gubar dalma a 2010, adadin da aka gani a jinin yaro shi ke nuna wa za a fara ba magani. Awon zuciya dai ya fi samuwa a manyan asibitoci, ga tsada, don haka mai jegon ƙauye sai ta kama hanyar Sakkwato ko Gusau.