Randar Kakata Da Ruwan Tiga: Tarihin Zafi Da Sanyi A Ƙasar Kura

Ni haifaffen wani ƙauye ne da ke tsakanin Kura da Bunkure, inda magudanar ruwan Tiga ta ratsa ta bayan gidanmu. A tsakar gidan nan, gindin darbejiya, akwai randar kakata, an binne gindinta cikin yashi mai laima. Ko da tsakar ranar bazara, sa'ad da ƙasa ba ta takuwa, in ka ɗebi ruwan randar nan sai ka ji shi har cikin haƙora. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Maigidan, randa gumi take yi kamar mutum, shi ya sa sabuwa ta fi tsohuwa sanyi." Sai da na zo jami'a na gane cewa a wannan amsa tata akwai ilmin da masanan Turai suka yi wajen shekara ɗari suna bin diddiginsa. Abin da nake nufin kawowa a nan shi ne tarihin yadda zafi ya zama abokin noma kuma abokin gaba a ƙasarmu tun zuwan ruwan Tiga.

Kafin Zuwan Ruwa

Dattawa sun shaida mini cewa a da an fi sanin Kura da rini da bugu, har rawanin nan mai ƙyalli da Buzaye ke so ake kira ɗan Kura. Noman rani kuwa sai a fadama, da jigo da guga, ɗan abin da mutum zai iya ba ruwa da ƙarfin damtsensa. Da an gama kaka samari sun tafi cin rani. Tumatir da tattasan da aka samu ba su da yawan da za su gagari kasuwar ƙauye, abin da ya saura kuma a yanka a shanya ya zama kauɗa. Watau a lokacin nan rana ce ma'ajiyar manomi.

Al'amari ya sake a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A farkon shekarun 1970 aka fara gwajin noman rani na zamani a Kadawa, a 1974 kuma aka kammala madatsar Tiga, daidai lokacin da fari ya gallabi ƙasashen Sahel. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya aikin ya koma hannunta. Kashin farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen da yanzu suke ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. Ruwa ya samu, amma wata sabuwar tambaya ta taso: yaya za a yi da zafi?

Abin Da Masana Suka Gano

A nan sai mu ɗan ratsa Turai. A wajen 1760 wani malamin Jami'ar Gilasgo ta Sikotlan, Joseph Black, ya gano abu biyu. Na farko, ba kowane abu ne ke ɗaukar zafi daidai da ɗan'uwansa ba. Kowanne yana da nasa ƙarfin riƙon zafi. Da awon yau, kilo guda na ruwa yana bukatar jul 4,200 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, alhali busasshen yashi jul 800 sun ishe shi. Shi jul ɗin nan ma'aunin makamashi ne da aka sa wa sunan James Joule, mutumin Ingila da ya nuna a shekarun 1840 cewa aiki da zafi 'yan gida ɗaya ne. Ruwa ke nan ya ninka yashi sau biyar wajen haƙuri: ba ya saurin ɗaukar zafi, in kuma ya ɗauka ba ya saurin saki.

Abu na biyu shi ne ɓoyayyen zafi. Kafin ruwa ya zama tururi sai ya haɗiye zafi mai yawan gaske, ba tare da ma'auni ya nuna ƙari ba. A irin yanayinmu, lita guda in ta bi iska tana tafiya da jul wajen miliyan 2.4, abin da zai isa ya sauko da zafin lita ɗari da kusan digiri shida. Gumin randar kakata ke nan. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan kofofin yumɓu, iska ta kwashe shi, shi kuma ya tafi da zafin na ciki. In randa ta tsufa kofofin sukan toshe, sai gumi ya ragu, sanyi ya ragu.

Sa'an nan a 1850 Bajamushe Rudolf Clausius ya tsara ƙa'idar da ke cewa zafi, in an bar shi, daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi, ba ya komawa baya don kansa. Mai son sanyi a ƙasa mai zafi lalle sai ya biya, ko da wutar lantarki, ko da ruwan da zai sallama wa iska.

Alkama Da Hunturu

Alkama ce ta fara koya wa manomanmu wannan darasi. An daɗe ana noma ta kaɗan-kaɗan a ƙasar Hausa don alkaki da gurasa, amma magudanan Tiga ne suka sa ta zama noman fili, musamman bayan gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita daga waje a 1987, hanin da aka ɗage a farkon shekarun 1990. Ita alkama 'yar sanyi ce. Dole a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ta yi ido cikin hunturu. Wanda ya makara, zafin Maris zai riske ta tana tsakar cika, ƙwaya ta motse, buhu ya yi shafal. Mahaifina yakan ce in rana ta matsa a ƙara wa alkama ruwa ko da ƙasa ba ta bushe sosai ba. Gaskiyarsa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta ɗaukar zafi da sauri kamar busasshiya, ganye kuma yana fitar da ruwa ya sanyaya kansa, daidai da randa. Duk wanda ya taɓa fitowa daga fako ya shiga gonar rani da azahar ya ji bambancin a fatarsa.

Kwandon Tumatir

Inda gizo ke saƙa shi ne tumatir. Tun da ruwa ya wadata, ƙasarmu ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren nomansa a Nijeriya, kasuwar Kwanar Gafan kuma ta zama inda manyan motoci ke lodi zuwa Legas. Shi tumatir kusan duk jikinsa ruwa ne, saboda haka yana da halin ruwa: in ya sha rana ba ya saurin hucewa. Bugu da ƙari, ko bayan an tsinke shi yana da rai, yana numfashi, yana fitar da nasa zafin, kuma duk ƙarin digiri goma saurin numfashin nan yakan ninka.

Na ga wannan da idona ina aji biyu na sakandare. Mahaifina ya ci bashin taki, tumatir ya yi kyau, amma 'yan tsinka ba su zo ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Aka tsinke shi da zafinsa, aka danƙara a kwanduna, aka jibge bakin titi ana jiran mota har la'asar. Kashegari ruwa ne ke ɗiga ta gindin kwandunan. Abin da aka ba shi bai biya bashin ba, sai da aka sayar da tunkiyar mahaifiyata. Daga baya na zauna na yi lissafi. A ce kwando kilo 50 ne. Sauko da shi daga digiri 35 zuwa 20 yana bukatar a cire jul miliyan uku, watau abin da lita ɗaya da kwata na ruwa za ta kwashe in ta bi iska. Ban daina tuna tunkiyar nan ba.

Wani ɗan Arewa ya riga ni wannan tunani. Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. An ba da labarin cewa gautar da kan lalace cikin kwana 3 ta kai kwana 27 a ciki. Wannan ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Sai dai dabarar tana da iyaka. Da busasshiyar iska take aiki, da damina kuwa iska ta riga ta ƙoshi da laima. Abin sha'awa, lokacin da ta fi aiki shi ne lokacin da tumatirinmu ke ambaliya. Amma tukunya ta gida ce, ba ta ɗaukar kayan mota guda.

An kuma gwada ta ɗaya fuskar. A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatirin gwangwani a Kadawa, mai iya cin tan 1,200 a rana, inda da zafi ake korar ruwan tumatir ya yi kauri, kamar dai kauɗar kakanninmu. A shekarar nan tsutsar da manoma suka kira sharon ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya, a shekarun da suka biyo baya kuma ta sha buɗewa da rufewa.

Kammalawa

Abin da na fahimta shi ne, magabata sun kawo mana ruwa daga Tiga, amma ba a gina wa amfanin gona inuwa ba. Tsinka da asuba, rumfar zana a bakin gona, ɗakin bulo mai bango biyu da yashi mai laima a tsakani, duk ba su fi ƙarfin ƙungiyar manoma ba, kuma duk 'ya'yan randar kakata ne. Mu ɗaliban Hausa namu aikin shi ne mu samar wa wannan ilmi kalmomin da manomin Bunkure zai ji ya gane, mu kuma rubuta abin da tsofaffi suka sani tun ba su ƙare ba. Kakata ta rasu, randar kuwa tana nan gindin darbejiya, mahaifiyata ce ke jiƙa mata yashi kowace safiya. Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a nomanmu, amin.