Inda Injin Ban Ruwa Yake Yin Damina

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, irin su Kanada da Suwidin, mai ƙaramin jirgin ruwa da ke tafiya da iska yana da aiki guda da ba ya tsallakewa kafin sanyi ya kama: kwantar da injin dizal ɗin da ke taimaka wa jirgin shiga tasha da fita. Zai juye tsohon baƙin mai, ya cika tanki, ya zuƙe ruwan da ke sanyaya injin, ya ɗura maganin hana daskarewa a madadinsa. Mutum ɗaya kan gama a yini guda. Dalilin kuwa a fili yake, ruwa idan ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ƙarfen da ya riƙe shi kuma sai ya tsage.

Sanyin hunturun Zariya, duk da kukan da muke yi da shi, bai taɓa tsaga inji ba. Amma mu ma muna da injin da ke zaman wata biyar babu aiki, wato injin ban ruwa, wanda ake jinginewa daga saukar ruwan sama a watan Mayu har ɗaukewarsa a Oktoba.

Noman rani ya girmi inji nesa ba kusa ba. Masu lambu a bakin Kubanni, wadda ta ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, da na fadamun Galma, da jigo suka saba: doguwar sanda a kan gwafa, dunƙulen laka a gindinta, guga a bakinta. Jigo ba ya bukatar a kwantar da shi. Idan damina ta ci igiya, sai a tufka wata. Idan gara ta ci sandar, daji yana kusa. Abin da yake ci shi ne ƙarfin mutum, shi ya sa lambun da yake shayarwa bai cika faɗi ba.

Shi kuwa injin da ke ɗauke da sunan Rudolf Diesel, a 1897 ya fara aiki sosai a birnin Augsburg na Jamus. A baje-kolin Paris na 1900 har da man gyaɗa aka tayar da irinsa, shekara goma sha ɗaya kafin jirgin ƙasa ya isa Kano ya buɗe wa gyaɗarmu hanyar teku. Ya shigo unguwanninmu ta manyan motoci da injin niƙa, musamman samfurin Lister na Ingila, wanda sunansa ya zauna a bakin jama'a. Fadama ce ta makara. Sai da aka kafa shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe wajen 1975, sannan shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa daga 1993, ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi suka bazu. Akasarin ƙananan na fetur ne, manyan kuma na gas, kamar yadda muke kiran dizal.

A ganina, a nan aka bar giɓi. An koya wa manomi tayar da inji da ɗaura mesa, amma ajiye shi bai zama al'ada ba, domin ɓarnar damina ba ta zuwa da ƙara irin ta ƙanƙara. A hankali take ci. Tankin da aka bari rabi yakan yi gumi daga ciki idan dare ya yi sanyi, ruwan ya kwanta ƙarƙashin gas, wata yauƙi ta tsiro a tsakaninsu ta toshe matata da nozul. Baƙin man da ya yi aikin rani cike yake da toka da tsami, yana kwance a kan ƙarfe yana cinsa. Ruwan fadama da ya rage a cikin famfo yakan haifar da tsatsa har farfela ta ƙi juyawa. A na fetur, man da ya kwana a kafireta shi ke bushewa ya zama danƙo. Sauran aikin ɓera da zanzaro ne: wannan ya huda mesa, wancan ya yi gini a salansa.

Maganin bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba, kuma kusan duk abin da mai jirgin can yake yi ne, in ban da maganin daskarewa. A juye baƙin mai tun injin yana da ɗumi, a zuba sabo, a bar shi ya ɗan yi aiki don man ya zagaya. A kwance kusar ƙasan famfo ruwa ya tsiyaye. Na gas a cika masa tanki, na fetur a ƙone abin da ke kafireta. A toshe salansa da tsumma, a ɗora injin kan katako a ɗaki mai iska, ba a ƙasa ba.

Wanda bai yi haka ba, shi ne za ka tarar a layi wajen kanikawan Tudun Wada a watan Nuwamba, irin tumatir ya isa dashe, inji yana kwance a buɗe. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, manoma da dama sun mayar da injunansu masu amfani da iskar gas ta girki, wasu kuma sun koma famfon hasken rana. Waɗannan ba su da tankin da zai yi gumi, amma ruwan da aka manta a cikin famfonsu yana yin tsatsa kamar na da.