Injin Hawa da Injin Kayarwa

Tun da gwiwa ta hana ni hawa na miƙa wa yara igiyoyina, tambaya ɗaya ce take biyo ni har gida. Na baya-bayan nan da ya kawo ta ɗan ƙanwata ne daga Yendi. Ya tara 'yan kuɗinsa, yana son ƙaramin injin da zai riƙa hawa bishiya da shi, sai ya ce, "Kawu, wanne zan saya, Stihl ko Husqvarna ko Echo?" Tambayar ta faranta mini rai, domin a cikin samarin da suka shigo sana'ar nan bayan 2010, da ƙyar za ka sami wanda ya san cewa injin hawa daban, injin kayarwa daban. Su dai a wurinsu inji shi ne wanda ya fi ƙara, ya fi dogon ƙarfe. Mu ba haka muka taras ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, haifaffen Salaga ne, jikan fataken goro da suka zauna a Gwanja. Da zarton mutum biyu ya fara. A haƙa rami, a gitta gungume a kai, ɗaya yana sama yana ja, ɗaya yana ƙasa garin katako na zuba masa a ido. Lokacin da aka kai ni hannunsa, bayan fari da gobarar dajin 1983, ya riga ya mallaki Stihl 070, wanda ya tsallaka ruwa daga Makango zuwa Yeji ya dangana da Kumasi ya sayo. Duk wanda ya taɓa ɗaukar 070 a kafaɗa ya san abin da nake nufi: 106cc ne, kansa kaɗai ya haura kilo 10, ba a sa ƙarfe da sarƙa da mai ba. Shi ne ya tsaga mafi yawan katakon da aka rufa gidajen zangonninmu da shi. Amma maigidana bai taɓa yarda a hau bishiya da shi ba, ko sau ɗaya. In aikin sama ne, ƙaramin gatari ne da adda da zarton hannu da igiya biyu, ɗaya ta mutum, ɗaya ta reshe.

Abin da ya ɓace yau, wanda kuma ya fi yi mini ciwo, shi ne abin da ake yi kafin a taɓa bishiya. In an kira mu aikin darbejiya ko mangwaro a tsakar gida, maigidana ba ya sauke kaya sai ya gaisa da mai gidan da maƙwabtan da inuwar take kai musu, ya ji abin da kowa yake so. In a bayan gari ne, sai an kai goro wurin sarki ko tindana, mai kula da ƙasa. A ƙasar Dagomba ɗorawa ta sarki ce ko da a gonarka ta tsiro, kaɗanya kuwa abincin mata ce da kuɗin makarantar 'ya'yansu, ba mai hankalin da zai sa mata ƙarfe. Bayan nan sai ya zagaya bishiyar a hankali, yana ƙwanƙwasa gindinta da ƙeyar gatari don ya ji ko akwai kogo. Ya ɗaga kai ya nemi zuma, ya duba inda nauyi ya karkata, ina kwano yake, ina waya take, ina za a sauke reshe, ta ina mai riƙe igiya zai kauce. Sai ya gama wannan duka zai ce da ni, "Yaro, hau."

Reshe kuma yanka uku ake yi masa. Na farko daga ƙasa, don kada ya yago ɓawo in ya karye. Na biyu daga sama, a ɗan matsa gaba. Na uku shi ne na gyara, daidai wuyan reshen, ba a shiga jikin uwar ba, ba a kuma bar dungu ba. In an yi haka, bayan damina biyu ko uku sai ka ga bakin ya rufe. In aka bar dungu, ruwa ya kwanta, gara ta shiga, nan da 'yan shekaru iskar farkon damina ta Afrilu ko Mayu ta jefa bishiyar a kan ɗakin mutane. Shi ya sa muke yi wa itatuwan gari aski da rani, kafin hadari ya fara haɗuwa. Mai gida ya tsira da rufinsa, ya kuma tsira da inuwarsa.

Kafin yaro ya ja igiyar tada inji a wurin maigidana, sai ya daɗe da magagari a hannu. Haƙori bayan haƙori, duk tsawonsu ɗaya, kusurwa digiri 30 in na gitta yanka ne, wajen 10 in na tsaga katako ne. Yakan ɗebi abin da sarƙa ta zubar ya murza a tafin hannu. In ɓarzaje ne manya, ya yi shiru. In gari ne kamar na tuwo, ya miƙo maka magagari ba tare da ya ce uffan ba. Yaran yanzu sarƙa ta dakushe suna ta danna wuta, inji na hayaƙi, sannan su ce kamfani ne bai iya ƙira ba.

Maganar sarƙa ta tuna mini da Bawku, ko da yake wannan ya zo daga baya sosai, wajen ƙarshen shekarun 1990. An kira mu wani tsohon maɗaci da ya sunkuyo kan masallaci. Masu neman magani sun ɓare masa ɓawo har iya tsayin mutum, ɓangare guda ya bushe. Wasu sun zo kafin mu sun ce a kayar. Maigidana, wanda a lokacin tsufa ya hana shi hawa, ya zauna a tabarma yana ba da umarni, muka riƙa sauke rassan gunduwa-gunduwa da igiya, ko kwano ɗaya bai lotsa ba. A nan ne wani makanike ya kawo mana wani ɗan inji na hannu da ya samo ta kasuwar Sankansi, a kan iyakar Togo. Stihl 020T ne, mai mariƙi a sama. Maigidana ya ɗaga shi, ya jujjuya, ya ce, "Wanda ya ƙera wannan ya taɓa hawa bishiya." A ranar na gane cewa akwai wata duniya inda masu aikin sama suke da nasu injin, da nasu horo, da nasu martaba. Aikin da gatari yake cinye mana yini, ɗan injin nan ya gama shi kafin azahar, kuma yankansa ya fi tsabta.

A daidai wannan lokaci ne, a 1998, dokar Gana ta hana tsaga katako da injin zarto don sayarwa, ta kuma wajabta yi wa kowane inji rajista a majalisar gunduma. Dalilin dokar gaskiya ne, domin dazukan kudu suna ƙarewa, kuma tsagar inji tana zubar da itace mai yawa a ƙasa. Sai dai tun daga nan jama'a suka daina bambanta mu. Duk wanda aka gani da inji a bayan babur, kallon ɓarawon daji ake yi masa, ko da takardarsa a aljihu, ko da reshen da ya hau wayar lantarki zai je ya sauke.

Abin da ya ƙarasa ɓata mana suna shi ne madobiya. Daga wajen 2012 'yan kasuwa suka gano cewa a ƙasar Sin ana sayen ta da tsada don ƙera kujeru da gadaje na alfarma. Ƙasar Gwanja ta cika da injuna da tarakta da manyan motoci. Samarin da ba su taɓa riƙe magagari ba suka zama masu yanka cikin mako guda, da jabun injuna masu araha da ake yi wa fenti irin na asali. Gwamnati ta hana, ta sassauta, ta sake hanawa, har zuwa haramcin Maris na 2019. A 2017 itacen ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a duniya. Ƙungiyar EIA ta fitar da rahoto a 2019 tana cewa an sare kimanin bishiya miliyan 6 daga Gana tun 2012. Hukumomi sun ce adadin bai kai haka ba, amma wanda ya san dajin tsakanin Salaga da Damongo a da, ba ya bukatar a ƙirga masa kututture. Da madobiya ta yi ƙaranci aka koma kan kawo, masu gawayi kuma suka faɗa wa kaɗanya. Da kasuwar ta mutu, waɗannan samari suka dawo gari da manyan injunansu suna karɓar aikin bishiyar gida. Abin da suka iya ɗaya ne, kayarwa. In ma sun hau, sai su guntule kan bishiyar gaba ɗaya su bar ta tsaye kamar turke. Na san waɗanda suka rasa yatsu, na san wanda inji ya harba a fuska don ya yanka da bakin ƙarfe a saman kansa.

To ga amsar da na ba ɗan ƙanwata, wadda zan ba kowa. Kamfanonin nan uku duk sun san aikinsu. Stihl na Jamus tun 1926 yake ƙera injin zarto. Husqvarna na Suwidin ya shiga a 1959. Echo na Japan ya yi suna wurin rashin nauyi. MS 201 T na Stihl 35cc ne, kilo 3.7. T540 XP na Husqvarna ya ɗan fi shi girman ciki, nauyinsa bai kai kilo 4 ba. CS-2511T na Echo 25cc ne, kilo 2.3 kawai, kuma wanda ya yini a saman darbejiya cikin zafin Maris na Bawku ya san darajar kilo guda. In aikinka askin mangwaro da darbejiya ne, ƙaramin ya ishe ka. In za ka riƙa datsa manyan rassan maɗaci da rimi, nemi mai 35cc da ƙarfe inci 12 ko 14. Mai mariƙi a sama na sama ne kawai, kuma hannu biyu ake riƙe shi. In ka sauko ƙasa, ɗauki mai mariƙi a baya.

Amma kada ka fara da sunan kamfani. Fara da makaniken garinku da mai shagon kayan gyara. Tambaye su na wane inji suke da fistin da kuloci da fulogi da matatar iska a ajiye, wanne kuma sai an aika Tamale ko Kumasi. A iya sanina kayan Stihl sun fi samuwa a arewa, kuma wannan kaɗai hujja ce mai ƙarfi. Dolmar da iyayenmu suka sani ya koma hannun Makita tun 1991, Makita kuwa ta daina ƙera masu amfani da fetur a 2022, don haka mai sayen tsohonsa ya yi tunanin gobe. Sababbin injuna da yawa na'ura ce take daidaita musu mai da kanta. Suna da daɗin aiki, sai dai in sun yi gardama sukudireba ba ta warware su, sai an kai wa dillalin da yake da kayan dubawa. Masu batir ba su da hayaƙi ba su da ƙara, sun dace da aikin asibiti da makaranta, ga wanda yake da tabbacin caji da kuɗin batir na biyu.

Sauran kuma kulawa ce. Mililita 100 na man haɗi mai kyau a lita 5 ta fetur mai tsabta, a auna, ba a kintata ba. Baƙin man da aka juye daga mota ba man sarƙa ba ne. Da hunturu a kakkaɓe matatar iska kullum, don ƙurar nan ita take cin fistin. Birkin sarƙa in ya lalace, inji ya zauna a gida. In kuɗinka ba su kai na asali ba, gara tsohon asali a hannun makanike amintacce da sabon jabu a kwali, araha ba ta ado. Kuma kafin inji, sayi igiya mai kyau da ɗamarar hawa da hular kwano.

Daga 2021 zuwa 2024 an shuka miliyoyin itatuwa a ranar Green Ghana, da yawansu a harabar makarantu da gefen tituna da ƙarƙashin wayoyin lantarki. Waɗanda suka rayu za su girma, su kai kwano, su kai waya. Ranar da aka rasa mai iya hawa ya sauke reshe da igiya, za a kira mai babban inji ya kayar, a koma gidan jiya. Mu da muka san aikin mun ragu, kuma ba makarantar da ke koyar da shi a Salaga ko Yendi ko Bawku. Duk tsohon ma'aikacin da ƙafarsa ke iya kai shi gindin bishiya, ya ɗauki yaro ko biyu ya zauna a ƙasa yana nuna musu, ya fara da magagari da zagayen bishiya da yankan nan uku, kafin ya bar su su ja igiyar inji.