Mai Zetterling: daga gaban kyamara zuwa bayanta

An haifi Mai Zetterling a ƙasar Suwidin a 1925. Fim ɗin Hets na 1944, wanda Ingmar Bergman ya rubuta, shi ya fito da ita, kana Ingila ta janye ta. Da ta gaji da zama kyakkyawar da ake kallo kawai, sai ta koma ba da umarni, aikin da maza suka kankane.

Ba a karɓe ta hannu bibbiyu ba. Saboda fim ɗinta Nattlek na 1966, Shirley Temple ta fice daga kwamitin bikin fina-finan San Francisco. Flickorna na 1968, labarin 'yan wasa mata uku da zaman aure ya ishe su, masu sharhi a Suwidin sun yi masa kaca-kaca, amma Simone de Beauvoir ta yaba masa matuƙa. Ta rasu a Landan a 1994.