Garin da ya yi shekaru ɗaruruwa a kan ruwa

Bayan ambaliyar 2024, wadda ta rusa gidaje a Maradi ta kuma kada tsohon masallacin Damagaram, wani ɗalibina ya tambaye ni: "Malam, me ya sa ba a gina gidan da ruwa ba ya ci?" Sai na ba ajin labarin Ganvie.

Duk mai zuwa Kwatano sayen mota yana kusa da garin, ko da bai sani ba. Yana tsakiyar tabkin Nokuwe, arewa da birnin. Mutanen Tofinu ne suka kafa shi a zamanin cinikin bayi, suna gudun mayaƙan Dahomai. Tarihin baka ya ce al'adar mayaƙan ta hana su bin mutum cikin ruwa, don haka masu gudun suka kafa itatuwa a cikin tabki, suka ɗora ɗakuna a kai. Yau mutum fiye da 20,000 ke zaune a can. Kasuwa a kwalekwale ake cin ta. Suna dasa rassan itace cikin ruwa, kifi ya taru ya hayayyafa, su kama. Sunan wannan dabara akaja.

Sai na ƙara masu da labari na biyu. A 2013 wani masanin zanen gini, Kunle Adeyemi, ya gina makaranta mai hawa 3 a Makoko ta Legas, tana shawagi bisa gangunan roba fiye da 250. Duniya ta yaba. A watan Yuni na 2016 ruwan sama mai ƙarfi ya rusa ta. Allah ya kiyaye, an riga an kwashe yara.

Makarantar shekara 3 ta yi, Ganvie kuwa tana nan. Ba don itacenta ba ya ruɓewa ba ne. Yana ruɓewa, sai dai kowane mai gida ya san ranar canja shi, ɗansa kuma yana kallo.

Na ce wa yaron mu ma haka iyayenmu ke yi da gidan ƙasa: yaɓe kafin damina, gyaran indararo, kuma ba a gini a kan hanyar ruwa. Na ba su aikin gida, kowa ya tambayi tsofaffin unguwarsu inda ruwa ke bi a da. Iyaye, in sun zo da tambayar, don Allah ku zagaya da su ku nuna masu.