Ƙuri'ar Baƙo: Hausawan Gabas da Rajistar Zaɓe

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwannin Hausawa na Fatakwal ko Anaca ko Inugu a jajibirin zaɓe, ya san yadda tasha ke cika da 'yan'uwanmu masu haramar gida. Mun saba ɗaukar wannan a matsayin al'ada, alhali kuwa idan muka waiwayi tarihi za mu tarar ba haka abin ya faro ba.

Fataucin shanu ne kan gaba wajen kai mutanenmu waɗannan garuruwa, musamman bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932. A zamanin nan ƙuri'a ba ta kowa ba ce. Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya taƙaita ta ga mazan Ikko da Kalaba masu samun fam 100 a shekara. Sai a zaɓen tarayya na 1954 Jihar Gabas ta buɗe ƙofa ga duk baligi, mace da namiji, yayin da Arewa ke bin zaɓen hawa-hawa ta hannun wakilai.

A nan ne wani abin mamaki ya ɓullo, wanda ba kasafai muke tunawa da shi ba. A zaɓen 12 ga Disamba, 1959, maza kaɗai suka yi rajista a Arewa. Ke nan Bahaushiyar da ke sayar da tuwo a Anaca, muddin ta cika shekara 21, doka ta ba ta damar jefa takardarta a akwatin zakara na NCNC ko wanin sa, amma 'yar'uwarta da suke ciki ɗaya a Kano ba ta da wannan dama. Matan Arewa sai da suka jira har zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Abin da gida ya hana, ashe baƙunta ta bayar.

Ba jefa ƙuri'a kurum mutanenmu suka yi ba, har kujera sun hau. Malam Umaru Altine, Bafillatanin ƙasar Sakkwato da fataucin shanu ya kai shi Inugu, ya yi fice cikin matasan NCNC, kuma da aka ɗaukaka matsayin garin a 1956 shi ne ya fara zama magajinsa. Ƙuri'un 'yan Arewa su kaɗai ba za su isa su kai shi nan ba. 'Yan ƙabilar Ibo ne suka ɗaga shi. A ganinmu wannan ya isa hujja cewa a lokacin jam'iyya ta fi asali nauyi, ko da na ɗan wani lokaci ne.

Rikicin 1966 ya yanke wannan igiya. 'Yan Arewa suka fice daga Gabas, yaƙi ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Waɗanda suka koma bayan yaƙi sun koma ne da ƙafa ɗaya a waje, kuma tarzomar Anaca ta Fabrairun 2006 ta ƙara musu wannan ɗari-ɗari.

Ita doka ba ta kori kowa ba. Tun 1979 aka sauko da shekarun zaɓe zuwa 18, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta yarje wa ɗan ƙasa ya yi rajista inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko a mahaifarsa, ya kuma nemi sauya rumfa in ya tashi. Matsalar ita ce mutum ba ya jefa ƙuri'a sai a rumfar da sunansa yake. Saboda haka mahaucin da ya shekara ashirin a Diobu, amma katinsa na Funtuwa ne, dole ya zaɓi ɗaya: ko ya rufe teburinsa ya kama hanya, ko ya haƙura. Waɗanda suka kama hanyar a 2019 sun ji a jikinsu, domin cikin daren 16 ga Fabrairu hukumar INEC ta ɗage zaɓen zuwa 23 ga wata, bayan da yawansu sun riga sun kashe kuɗin mota. Kansilan da zai yanke hukunci kan rumfar kasuwarsu kuwa, ya ga sunayensu ba sa cikin rajistar mazaɓarsa, bai da dalilin zuwa gaida Sarkin Hausawa lokacin kamfe.