Dalar Morgan: Tsabar azurfar da wuta ta cinye

Dalar Morgan tsabar kuɗi ce da Amurka ta buga daga 1878 zuwa 1904, ta sake bugawa a 1921. Ta ci sunan George T. Morgan, wanda ya zana ta. Nauyinta giram 26.73 ne, kashi 90 cikin 100 azurfa, saura tagulla.

Darajarta a wurin masu tara tsofaffin kuɗi ta dogara ne ga adadin da ya tsira, abin da ke da wuyar ƙididdigewa. A ƙarƙashin Dokar Pittman ta 1918 an narkar da dalar azurfa 270,232,722, aka sayar wa Birtaniya mafi yawan azurfar saboda bukatar Indiya. Ba a rubuta shekarun da ke jikin waɗanda suka shiga wuta ba. Takardu sun nuna an buga 12,000 a Filadelfiya a 1895 domin hada-hada, amma har yau ba a tabbatar da ko ɗaya ba. Na musamman 880 kaɗai aka sani.

Rashin lissafin nan ya taɓa jawo asara. An daɗe ana zaton ta 1903 ta New Orleans ta ƙare a wuta, sai a 1962 baitulmali ya fito da ita buhu-buhu, farashinta ya faɗi warwas.

Ta 1893 ta San Faransisko kuwa, guda 100,000 aka buga. Tsadarta ta sa 'yan jabu suna manna harafin S a jikin wadda ba ta da shi.